Faifai ɗaya gida uku: NTFS za ka yi masa ko exFAT?

Satin da ya wuce wani ƙanena ɗan wan babana ya shigo shago nan wajen kasuwar Wunti a Bauchi ranshi a ɓace, riƙe da ekstanal ɗinshi, wato faifan ajiya da ake jonawa ta USB, mai tera ɗaya, ya ce "Yaya don Allah duba min, jiya na zuba aikin biki a ciki daga Ubuntu, yau na buɗe Windows babu foldar kwata kwata, kuma uwar amarya sai kirana take." Shi yaron ɗalibi ne, karatun kwamfuta yake a jami'ar ATBU, laftof ɗinshi Windows da Linux ne a ciki, Ubuntu ɗin da ya ambata wani nau'in Linux ne, sannan yana taya wani abokinshi haɗa bidiyon biki don ya samu na kashewa, shi kuma abokin da MacBook yake aiki. Kun ga faifai ɗaya kenan yana yawo tsakanin gida uku. Mun samu mun ceto mafi yawan aikin alhamdulillah, amma tambayar da ya yi min bayan hankalinshi ya kwanta ita ce ta sa na zauna rubuta wannan, wai wane fomat ne ya fi kowanne kyau ya yi ya huta.

Amsar da na ba shi ita ce ka fara tambayar kanka ranar da faifan nan ya rikice wace kwamfuta ce a kusa da kai da za ta iya gyara shi. Domin kowane tsarin ajiye fayil akwai mai shi. NTFS na Windows ne tun 1993 da aka fito da Windows NT, ext4 na Linux ne, APFS na Apple ne tun 2017. Duk wanda ba mai shi ba, in zai taɓa sai ta hannun direba, wato ɗan shirin nan da yake yi wa kwamfuta tafinta tsakaninta da faifai. To shi tafinta wajen karatu ba ya cika kawo matsala, ko ya yi kuskure faifanka na nan yadda yake. Wajen rubutu ne ake samun ɓarna, saboda a nan ne zai sa hannu ya canza teburin da ke nuna inda kowane fayil yake zaune, in ya rubuta ba daidai ba ko ya rubuta a lokacin da bai kamata ba shi kenan.

Bari in fara sallamar FAT32 don ba shi da wani dogon zance. Komai na karanta shi, talabijin, rediyon mota, firinta, tsohuwar kwamfutar ofis, har injin DJ. Amma fayil ɗaya ba zai wuce giga 4 ba, kuma bidiyon kamu ko na walima guda ɗaya in an ɗauka da kamara mai kyau ya wuce nan tuni. Filash ɗin da za ka kai a buga maka takarda ko ka sa karatu a mota, yi masa FAT32 ka wuce. Babban faifai kam a'a.

Asalin gardamar tsakanin NTFS ne da exFAT.

NTFS yana da wani abu da ya fi exFAT nesa ba kusa ba, musamman a garinmu da ake ɗauke wuta ba sallama. Yana riƙe da littafi, kamar littafin da ɗan kasuwa ke rubuta shiga da fita. Kafin ya canza komai a teburinsa sai ya fara rubutawa a littafin cewa ga abin da zan yi, in wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, ko jannareto ya tuke, ko yaro ya ja waya, idan aka dawo sai a buɗe littafin a ga inda aka tsaya, a ƙarasa ko a warware. Kar ka fahimce ni baibai, littafin ba ya ceto cikin fayil ɗin da kake kwafa lokacin da wutar ta tafi, wannan kam ya tafi sai ka sake kwafa, tsarin faifan yake karewa kar sauran kayanka su bi shi. exFAT ba shi da wannan littafin sam. Microsoft sun fito da shi 2006 ne saboda filash da katin memori, shi ya sa ma duk katin SD da ya wuce giga 32 za ka ga da exFAT yake zuwa daga kamfani, an yi shi mara nauyi, to rashin nauyin nan shi ne rashin kariyar.

Amma fa NTFS a Linux labarinsa biyu ne don direbobi biyu aka fi amfani da su, kuma da yawa masu Linux ba su ma san wanne ke musu aiki ba. Akwai tsohon hannu ntfs-3g, wanda ya kai shekara goma sha ana amfani da shi, shi ba a cikin zuciyar Linux yake aiki ba, daga waje yake ta wata hanya da ake kira FUSE, shi ya sa yake cin ƙarfin kwamfuta, in laftof ɗinka irin na hannu ɗin nan ne da muke sayowa mai Core i3 za ka ji fanka na kuka in kana kwafar manyan fayiloli. Sai dai an daɗe ana gwada shi, an san halinsa. Sai kuma ntfs3 wanda kamfanin Paragon ya bayar aka shigar cikin Linux 5.15 a 2021, shi a ciki yake, ya fi sauri sosai. In kana son sanin wanne ne naka, jona faifan ka buɗe taminal, wato wajen rubuta umarni a Linux, ka rubuta findmnt, in ka ga fuseblk a layin faifan to tsohon ne, in ka ga ntfs3 sabon ne. Ni ra'ayina, faifan da ke ɗauke da aikin mutane wanda aka riga aka karɓi kuɗinsa, gara jinkirin ntfs-3g, faifan finafinai da wasanni da ko sun ɓata za a sake samowa, ba shi ntfs3 ka more sauri. Wani zai ce tsoro ne kawai irin na tsofaffi, na yarda, amma ni na taɓa tsayawa gaban kwastoma ina kame kame, ba na son in sake.

Dukansu biyun suna da hali ɗaya da mutane ke ɗauka matsala ce alhali taimako ne. In suka ga faifan ba a rufe shi da kyau ba a Windows sau da yawa sai su ƙi rubutu, ntfs-3g ya buɗe maka karatu kawai, kana ganin kayanka amma maɓallin liƙawa ya dushe, shi kuma ntfs3 ya ƙi buɗewa gaba ɗaya, in ka rubuta dmesg a taminal ka ga ya rubuta volume is dirty, wato faifan na da alamar datti. A nan ne ɗalibai ke shiga intanet su kwaso umarnin da ba su san aikinsa ba. Ƙanen nawa abin da ya yi kenan, ya samu wani umarni ya goge alamar dattin da ƙarfin tsiya, faifai ya buɗu, ya zuba aiki, ya yi murna. Laifin ma har da nawa don ni na sa masa Linux ɗin ban zaunar da shi na yi masa bayanin abin da zan faɗa yanzu ba.

Tun daga Windows 8 akwai wani abu da ake kira Fast Startup, kuma a kunne yake zuwa. Idan ka danna Shut down ba mutuwa kwamfutar take yi ba, barci take, tana kwashe abin da zuciyar Windows ke riƙe da shi ta zuba a wani ɓoyayyen fayil mai suna hiberfil.sys don gobe ta tashi da wuri, kuma cikin abin da take riƙewa har da yadda ta bar faifan da ke jone da ita. To ka yi tunanin mai shago ne ya haddace inda kowane kaya yake ya je ya kwanta, cikin dare ƙaninsa ya shigo ya sake jeri ya ƙaro sabon kaya, da safe mai shago ya zo bai ko kalli kanta ba ya ci gaba da ciniki da lissafin jiya, ya ɗora buhu a kan kwalin da bai san an ajiye ba. Haka foldar bikin ta ɓace. Linux ya rubuta daidai, Windows ya farka da tsohon lissafi ya taka. Ekstanal ɗin a jone yake lokacin da ya kashe, bai cire ba.

Maganin ba ya ɗaukar minti biyu. Buɗe Command Prompt a matsayin admin ka rubuta powercfg /h off, ya kashe Fast Startup da Hibernate gaba ɗaya, har ka samu ƙarin fili a C. In kana son Hibernate ɗinka to shiga Control Panel, Power Options, wajen zaɓen aikin maɓallin kunnawa, ka cire alamar da ke kan Fast Startup kawai, amma ka sani duk ranar da ka yi Hibernate kar ka shiga Linux ka taɓa faifan. In kwamfutar wani ce ba ka son canza masa saiti, danne Shift lokacin da kake danna Shut down, ko ka yi Restart, su biyun kashewa ce ta gaske. Kuma bayan babban sabunta Windows ka leƙa ka ga ko abin ya dawo.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, masu cewa to ni bari in yi wa ɓangaren faifan da Windows da Linux ke shiga tare exFAT in huta da wannan ƙin buɗewar, ku kuka fi shiga haɗari. NTFS aƙalla direban zai tsaya ya ce maka akwai matsala. A exFAT ba lallai wani ya tare ka ba, za ka rubuta lafiya lau, Windows ya farka ya taka, kuma babu littafin da za a koma a duba.

Sannan batun gyara, wanda shi ne ya sa na ce a fara tambayar wa ke kusa. Akwai ntfsfix a Linux, sunan yana yaudarar mutane, ba gyara yake yi na haƙiƙa ba, 'yan ƙananan abubuwa yake daidaitawa ya share littafin ya sa alama cewa Windows ya duba faifan in an jona shi. Mai gyaran gaske chkdsk ne, a Windows, ka rubuta chkdsk sai harafin faifan sai /f. Saboda haka wanda ya goge Windows gaba ɗaya daga kwamfutarsa ya koma Linux zalla amma ya bar faifansa a NTFS, ranar da abin ya rikice sai ya hau acaɓa ya je neman mai Windows. In Linux kaɗai gare ka yi ext4 ka zauna lafiya, yana da littafinsa, mai gyaransa fsck na gida ne.

Akwai kuma rigimar suna. Windows ba ya yarda da alamomi irin su ɗigo biyu, alamar tambaya, tauraro a sunan fayil, Linux kuwa ba ruwansa, kuma direban zai iya barinka ka rubuta irin wannan sunan a kan NTFS, ka zo Windows fayil ya ƙi buɗuwa ya ƙi goguwa. Mai sa wa fayil suna da lokaci kamar 10:30 shi ya fi faɗawa. Haka Aiki.doc da aiki.doc a Linux fayil biyu ne, a Windows ɗaya. Akwai zaɓin windows_names da ake sakawa wajen ɗora faifan don ya hana sa waɗancan alamomin a suna, ka saka shi. Masu wasan Steam a Linux da ke ajiye wasanni a NTFS su ma wannan na cikin abin da ke damunsu. Kai har agogo ma ba a jituwa, wanda duk ke da Windows da Linux a kwamfuta ɗaya a ƙasar nan ya san in ya fito daga Linux ya shiga Windows sai ya ga agogo ya koma baya da awa ɗaya, ɗaya na lissafi da lokacin duniya ɗaya da lokacin gida, mu kuma muna gaba da awa guda. Na taɓa ganin wanda ya je canza batirin agogon kwamfuta saboda wannan, wallahi.

To duk wannan yabon da na yi wa NTFS, da zarar Mac ya shigo maganar sai lissafi ya canza. Mac yana karanta NTFS amma ba ya rubutu. Abokin ƙanena zai ga bidiyon, zai iya kwafa zuwa nashi, amma ba zai iya mayar da wanda ya gama haɗawa cikin faifan ba. Sai dai ya sayi direba, akwai na Paragon akwai na Tuxera, suna aiki, amma kuɗi ne da dala, kuma in aka sabunta macOS wani lokaci sai ka jira su ma su sabunta nasu. Waɗanda ake saukowa da su na fashi kuwa, mutumin da ya fasa manhaja ya raba kyauta kake ba wa izinin rubutu a kan aikin da ka ci kuɗinsa, kai ka sani.

A nan exFAT ya ci sunansa. In ka cire FAT32, cikin waɗanda na lissafa shi kaɗai ne Windows da Mac da Linux duk suke rubuta shi da direban gida ba tare da an sayi komai ba, kuma babu iyakar giga 4. Mac ya daɗe da iya shi, Linux ne ya makara saboda batun haƙƙin mallaka, sai a 2019 Microsoft suka wallafa bayanin tsarin a fili aka sa shi cikin Linux 5.4, sannan a 5.7 aka canza da direban da Samsung suka rubuta wanda ya fi inganci. Kuma dukansu ukun suna da abin duba shi in ya rikice, chkdsk a Windows, First Aid a Mac, fsck.exfat a Linux. Aibinsa na riga na faɗa, ba littafi. In aka fizge shi ana rubutu zai iya tafiya da folda guda. Wani lokaci kuma ka fizge a Windows ka kai Mac ka jona shiru faifai bai fito ba, fitila na ta ƙiftawa, mutum ya ɗauka ya mutu, alhali Mac ɗin ne ke duba shi a ɓoye, a babban faifai yana ɗaukar lokaci, bar shi ya gama kar ka sake zarewa. Ga kuma 'yan fayilolin nan masu farawa da ɗigo da Mac ke zubarwa ko'ina, ba cuta ba ce, na ga masu shago suna cewa wai bairos ne har su caji mutum kuɗin wanki. Sannan exFAT bai san izinin fayil irin na Linux ba, bai san mahaɗar nan ta symlink ba, don haka ɗalibi kar ka ajiye aikin furogiramin ɗinka a kai, Git zai yi ta maka surutu wasu abubuwan su ƙi tashi. Wannan ka bar shi a ext4 ka riƙa turawa ta Git.

Maganar cire faifai ma akwai bambanci da ke cin mutane. Windows na yanzu an saita shi ya riƙa rubuta wa filash da ekstanal kai tsaye, shi ya sa muka saba da fizgewa kuma sau da yawa a tsira. Linux kuwa yakan tara a RAM, layin kwafi ya cika ya ce an gama alhali yana nan yana zubawa a hankali. Danna Eject ka jira ya ce ka cire, ko ka rubuta sync a taminal ka jira ya dawo. Mutum ya yi haƙurin kwafi na minti arba'in amma sakan ashirin na ƙarshe ya gagare shi.

Juya abin kuma, wato a sa Windows ya karanta ext4, ban cika ba da shawara ba. Akwai wani tsohon direba Ext2Fsd da har yanzu ake gani a bidiyon koyarwa, an yi shi kafin wasu sababbin abubuwan da ext4 ke zuwa da su yanzu, rubutu da shi a kan Linux na zamani kasada ce. Hanyar da ta fi tsafta a Windows 11 ita ce WSL2 da umarnin wsl --mount, don a nan Linux na gaske ne ke taɓa faifan daga cikin Windows, amma faifai sukutum yake ɗauka, ba zai yi maka a kan wanda Windows ɗin ke zaune a kai ba. Babban haɗarin ma ba direba ba ne, shi ne saƙon nan da Windows ke fitarwa in aka jona masa ext4 ko APFS, wai sai an yi fomatin kafin a yi amfani da shi, ka ba yaron shago faifai ya danna eh da zuciya ɗaya. Faifan da zai fita daga hannunka kar ya zama ext4, kar ya zama APFS.

Kafin ka ɗora wa direba laifi kuma ka duba kayan. Filash ɗin da aka rubuta tera biyu aka sayar maka kuɗin kati, na bogi ne, yana karɓar kaya yana zubarwa, gwada shi da H2testw ko f3. Wayar ekstanal da ta saki ko ramin USB da ke motsi su ma suna yanke rubutu a tsakiya, alamar iri ɗaya ce da ta fizgewa. In kuma sabuwar laftof ce mai Windows 11 duba ko BitLocker, makullin da Windows ke kulle faifai da shi, a kunne yake, in yana kunne Linux ba zai ga komai ba sai da mabuɗi, ka nemo mabuɗin nan ka rubuta a takarda tun kafin ka fara raba faifai.

Ga yadda muka yi da ƙanen nawa a ƙarshe. A cikin laftof ɗin mun bar C na Windows kar Linux ya taɓa shi sam, Linux na zaune a ext4 ɗinsa, muka yanka ɓangare na uku NTFS na ajiye takardu da bidiyo da dukansu za su shiga, Fast Startup a kashe, ntfs-3g da windows_names a fstab, fayil ɗin da ke gaya wa Linux yadda zai ɗora faifai. Ekstanal ɗin kuma da ke zuwa wajen mai MacBook muka kwashe kayan muka mayar da shi exFAT, a Windows muka yi fomatin ɗin, da sharaɗin cewa ɗan aike ne, duk abin da ke cikinsa akwai kwafinsa a wani wuri har sai an miƙa wa masu biki nasu. Ya ce "Yaya ai wannan sai na sayi faifai na biyu kenan." Na ce eh, cikin kuɗin bikin nan za ka cire, je ka Wunti ka tambayo farashi, kuma in za ka saya ka zo da shi nan mu gwada kafin ka biya.